Fitsari ba dalilin hana yaro makaranta ba ne

Akwai wata magana da masu makarantun nazare suka ƙware wajen faɗa cikin taushin murya: "Hajiya, ki yi haƙuri, ba mu da kayan aikin kula da irinsa." Ba a ɗaga murya, ba a ci mutuncin kowa, wani lokaci har da rakiya zuwa bakin ƙofa da addu'ar Allah ya ba shi lafiya. Uwa ta saɓa ɗanta ta koma gida, ta gwada makaranta ta gaba, a maimaita mata. Daga nan sai ta haƙura, yaron ya zauna a tsakar gida yana kallon sa'o'insa suna fita da jaka da kwandon abinci kowace safiya.

Ina magana ne kan yaran da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, larurar da likitoci ke kira sifaina bifida. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta wannan uzuri na rashin kayan aiki ba shi ne ainihin dalili ba. Abin da ake gudu shi ne fitsari da bayan gida, kuma kunya ce ke hana a faɗi haka kai tsaye. Tunda ba a faɗa, ba a taɓa zama an duba ko matsalar tana da mafita. Alhali tana da ita, kuma ba ta fi ƙarfin ƙaramar makarantar unguwa ba.

Cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, tun mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, wani ɗan siririn bututu yake haɗewa a bayan ɗan tayi, shi ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Idan wani wuri bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen ciwo a gadon baya, galibi can ƙasa wajen ƙugu. Ana so a yi tiyata a rufe wurin cikin kwanakin farko don kada ƙwayoyin cuta su shiga, kuma ana yin wannan aiki a manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya. Sai dai tiyata rufe wurin take yi, ba ta dawo da jijiyoyin da suka riga suka samu rauni. Iya yadda buɗewar ta yi sama a gadon baya, iya yawan abin da yaro zai rasa. Wani yana tafiya da ƙafarsa ba ka ma gane komai, wani sai da takalmin ƙarfe da sanda, wani sai keken guragu.

Mu a Arewa idonmu ya saba da wanda shan inna ya kama, shi ya sa da mun ga yaro yana jan ƙafa sai mu ɗauka abu ɗaya ne. Akwai bambanci mai muhimmanci. Mai shan inna yana jin ƙafarsa idan an taɓa, yana kuma riƙe fitsarinsa. Shi kuwa mai buɗaɗɗen ƙashin baya, jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara da hanji suna can ƙasan laka, daidai inda raunin yake. Don haka sau da yawa ba ya jin fitsari ya taru, ba ya jin fitarsa. Ba ƙazanta ba ce, ba sangarta ba ce, ba kuma rashin horon gida ba ne. Duk malamar da ta daki irin wannan yaro don ya jiƙa wando ta dake shi ne a kan abin da bai san ya faru ba.

Jiƙa wandon ma shi ne ƙaramin abu. Babban haɗarin yana ciki: fitsarin da ya kasa fita gaba ɗaya yana iya komawa sama ya lalata ƙoda a hankali, kuma a da wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan yara. A shekarar 1972 wani likitan mafitsara a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa ba sai an kwantar da mutum a asibiti ba. Ana iya zura 'yar siririyar robar fitsari a zubar da abin da ya taru, a cire, a sake bayan awa uku ko huɗu, da sharaɗin a wanke hannu da sabulu a tsaftace robar. Wannan dabara ta ceci ƙodar yara marasa adadi a duniya. Iyaye mata ne ke yin ta a gida bayan ma'aikaciyar jinya ta koya musu, kuma yara da yawa suna koyon yi da kansu a shekarun farko na firamare.

To, mu yi lissafi. Nazare tana farawa wajen ƙarfe takwas, a tashi sha biyu ko ɗaya. Uwa ta yi wa yaro kafin ya fita, ta yi masa idan ya dawo. Abin da ya rage a tsakani sau ɗaya ne, aikin da ba ya wuce minti goma. Ko uwar ta leƙo lokacin tara, ko wata 'yar uwa, ko kuma nani ɗaya da ta amince a koya mata da yardar iyaye. Abin da ake buƙata daga makaranta shi ne wuri mai ƙofa da za a rufe, da ruwa, da sabulu, da tabarma ko benci mai tsafta. Yaran da ba a fara yi musu roba ba, kuma suna da yawa a wajenmu, famfas ne kawai za a canza musu. Makarantun nan da ke cewa ba za su iya ba, su ne ke karɓar 'yan shekara biyu a ajin raino suna canza musu famfas kullum ba tare da wani ya kira hakan kayan aiki na musamman ba. Bambancin kawai shi ne wannan yaron shekararsa huɗu, kuma ba a sa ran zai daina nan da wata shida.

Ban ce babu abin da malama za ta koya ba. Akwai, kuma wasu abubuwan ba na wasa ba ne. Tunda yaron ba ya jin zafi a ƙafa ko a mazaunai, simintin filin makaranta a watan Afrilu yana iya ƙona shi yana zaune yana dariya. Haka ƙarfen lilo da ya sha rana, haka tsakuwar da ta shiga takalmi ta kwana tana cin fata. Ciwo a wurin da ba a ji yana da wuyar warkewa, shi ya sa ake so a riƙa duba ƙafarsa, a sa masa safa da takalmi, a kuma canza masa zama kada ya daɗe a wuri ɗaya. Da yawa daga cikinsu jikinsu ba ya jituwa da ɗanyen roba, irin na balan-balan da wasu safar hannu na asibiti, don haka ranar bikin makaranta a kiyaye.

Sai batun kai. Mafi yawan yaran da larurar tasu ta yi tsanani suna samun taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, abin da ke sa kan jariri ya yi ta girma. Ana sa musu wani siririn bututu a ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, yana janye ruwan. Wasu kuma ana yi musu wata tiyatar da ba ta buƙatar bututu, wadda likita Benjamin Warf ya inganta a asibitin yara na Mbale a Yuganda, har likitocin Amurka suka koya daga abin da aka gano a can. Bututun nan yana iya toshewa. Idan yaro ya fara ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko barcin da ba a saba gani ba, ko ya rikice ya zama ba shi ba, ba a cewa maleriya ce a shimfiɗa masa tabarma a bayan aji sai an tashi. A kira iyaye nan take a nufi asibiti. Duk abin da na lissafa zai shiga takarda guda a manna a ofishin shugabar makaranta, da lambar wayar uwa da ta uba a ƙasa. Malamar da ta iya gane yaro mai sikila ya fara shiga ciwo za ta iya wannan.

Akwai wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi a zukatanmu: tsarki. Da yawa daga cikin ƙananan makarantunmu haɗe suke da Islamiyya, ana karanta Alƙur'ani, ana koyon salla a kan tabarma ɗaya. Sai malami ya ji a ransa cewa yaron da fitsari ke zubo masa bai dace da wurin ba. Niyyar mai kyau ce, amma fiƙihun da muke karantawa a zaure bai goyi bayanta ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta ambaci mai yoyon fitsari, kuma ba ta kore shi daga salla ba. Cewa ta yi an so ya sake alwala a kowace salla. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan najasar da ke da wuyar kiyayewa ga mai irin wannan larura. Wannan fa baligi ke nan da salla ta hau kansa. Ina ga ɗan shekara huɗu da alƙalami bai hau kansa ba? Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais ta kawo jaririnta wurin Annabi (SAW), ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa, ya sa aka kawo ruwa ya yayyafa, magana ta ƙare. Ban ga yadda za a yi tabarmar ajinmu ta fi wannan tufa alfarma ba.

Yanzu bari in saurari masu makaranta, domin suna da abin faɗa kuma ba duka ne son zuciya ba. A makarantar gwamnati aji cike yake maƙil, malama ɗaya, wani wurin babu famfo, masan kuwa ko mai lafiyar ƙafa sai ya toshe hanci. A ta kuɗi, anti ɗin da ake so ta ɗauki ƙarin nauyi albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata. Mai makaranta yana tsoron idan wani abu ya samu yaron a hannunsa za a kai shi ofishin 'yan sanda. Yana kuma tsoron sauran iyaye su kwashe 'ya'yansu. Duk na yarda akwai su.

Amma a duba kowanne da kyau. Rashin ruwa da ƙazamin masai ba yaro mai larura ne ya kawo su ba, kuma korarsa ba ta gyara su. Makarantar da ba ta da inda za a wanke wa yaro jiki cikin sutura, ba ta cancanci riƙe ɗan shekara uku ko ɗaya ba, mai lafiya ko marar lafiya. Tsoron alhaki kuwa maganinsa rubutacciyar yarjejeniya ce tsakanin iyaye da makaranta, da takardar likita da ta fayyace abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Ƙarin aikin nani a biya ta a kansa, ko da iyaye ne za su ɗan tallafa idan suna da hali, kuma kada a tilasta wa wadda ba ta so. Sauran iyaye kuma a gaya musu gaskiya a taron iyaye da malamai: wannan abu ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wasa tare, ba aikin aljanu ba ne, ba maita ba ce, ba kuma wani laifi uwar ta yi ba. Wanda ya ji haka ya ce duk da haka sai ya cire ɗansa, to matsalar tasa ce, kuma bai kamata a ɗora wa yaro ɗan shekara huɗu kuɗinta ba.

Na san wata yarinya a dangin maƙwabtanmu da aka mayar da ita daga makarantu fiye da ɗaya, har wata ƙaramar makaranta da ba ta da ko fenti mai kyau ta karɓe ta. Abin da suka yi bai taka kara ya karya ba. Sun mayar da ajinta ɗakin da ke kusa da ƙofa, birkila ya zuba siminti ya kwantar da matakala ɗaya, aka ware wani lungu aka sa labule da bokiti, kakarta tana zuwa da hantsi. Yaran ajin kuwa rigimarsu ɗaya ce, wa zai tura keken yau. Manya ne ke da ƙyama; yara tambaya suke yi, idan an ba su amsa su wuce wurin wasansu.

Wasu za su ce a kai su makarantar masu buƙata ta musamman. Waɗannan makarantu suna da amfaninsu, kuma irin ta Tudun Maliki a Kano ta yi wa kurame da makafi hidima mai yawa, domin su suna buƙatar maganar hannu ko rubutun makafi. Yaro mai buɗaɗɗen ƙashin baya yana ji, yana gani, yana magana, wani ma bakinsa ya fi na kowa a ajin. Mafi yawansu basirarsu daidai take da ta sauran yara. Me zai koya a can da ba zai koya a ajin unguwarsu ba? Kuma irin waɗannan makarantu ƙalilan ne, suna manyan birane, ba wanda zai ɗauki ɗan shekara huɗu daga ƙauye ya kai shi kwana. A aikace, "a kai shi ta musamman" tana nufin ya zauna a gida. Tanni Grey-Thompson, 'yar Birtaniya da aka haifa da wannan larura a 1969, sai da iyayenta suka yi tsayin daka kafin aka bar ta ta ci gaba a makarantar kowa da kowa. Ta ci lambobin zinare 11 a gasar nakasassu ta duniya, kuma tun 2010 take zaune a majalisar dattawan ƙasarta. Ba na kawo ta don in ce kowane yaro zai zama ita ba. Yaron da zai tashi ya zama tela ko mai shago ko malamin firamare shi ma haƙƙinsa na shiga aji bai gaza nata ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan nazare, ban bari sai firamare ba, shi ne waɗannan shekarun ne ake gane abin da ke ɓoye. Wasu daga cikin yaran da suka yi fama da ruwa a kai suna da wahalar tattara hankali, ko riƙe fensir, ko lissafi, kuma zaƙin bakinsu yana rufe wannan har a ɗauka sun fahimci abin da ba su fahimta ba. Malamar nazare mai lura za ta gani da wuri, a fara taimaka masa tun abin bai taru ba. A nan ne kuma yaro ke koyon jiran layi, da rabon abin wasa, da faɗa da shiryawa, da cewa "Anti, lokacina ya yi" ba tare da jin kunya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka ajiye a ɗaki har shekara tara sannan aka kai shi aji ɗaya cikin ƙannensa, ya riga ya koyi cewa shi abin ɓoyewa ne, kuma cire wannan daga zuciya ya fi koyar da baƙaƙe wuya.

A nan dole in juyo kan iyaye, cikin girmamawa, domin na san abin da suka sha tun daga ɗakin haihuwa. Wani lokaci ba makaranta ce ta ƙi ba, gida ne bai kai ba. Uba yana jin nauyin a ga ɗansa, uwa tana tsoron a yi masa dariya, kaka tana cewa a bar shi Allah ya riga ya yi shi haka. Tausayi ne, amma tausayin da ke ƙarewa da yaro ba ya karatu ba ya sana'a, ƙarshensa a wajenmu sananne ne, bakin titi da ƙoƙon bara. Kuma idan za a kai shi, a faɗa wa makaranta komai tun ranar farko. Ɓoye batun bututun kai don kada a ƙi karɓarsa ganganci ne da ransa.

Doka ma tana gefen yaron. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ko keɓewa ba, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Ba na fatan a fara jan masu ƙananan makarantu zuwa kotu, domin malamar da aka tilasta wa karɓar yaro da barazana ba za ta riƙe shi da zuciya ɗaya ba. Amma ya kamata uwa ta san cewa ba alfarma take roƙo ba idan ta tsaya a ofishin shugabar makaranta.

Wani abu a gefe, tunda ba a rasa mai tambaya ko ana iya kauce wa larurar. Ana iya rage ta sosai. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 1991 ya nuna cewa sinadarin folik asid ya rage sake aukuwarta da kusan kashi 70 cikin ɗari ga matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri, kuma shawarar da ake ba duk macen da ke iya ɗaukar ciki ita ce maikirogiram 400 a kullum tun kafin cikin ya shiga. Matsalarmu ita ce ƙwayar a wurin awo ake bayarwa, awo kuwa sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar ake farawa, bayan bututun bayan ɗan tayi ya daɗe da rufewa ko ƙin rufewa. Ƙara sinadarin a fulawar kamfani ma ba ya isa ga gidan da tuwonsa daga gero da dawa da masarar injin unguwa yake. Wannan aikin ma'aikatar lafiya ne da masu wa'azin aure, ba sandar dukan uwar da ba wanda ya taɓa gaya mata ba. Kuma ko an yi duk abin da ya dace, za a ci gaba da haihuwar wasu, su kuma za su kai shekarar shiga makaranta.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman ƙananan yara su sa wannan larura da makamantanta a darasi, a kawo ma'aikaciyar jinya ta nuna musu robar fitsari su riƙe ta a hannu, tsoron ya fita. Asibitocin da ke yin tiyatar su riƙa sallamar iyaye da takarda cikin Hausa wadda za su miƙa wa makaranta idan lokaci ya yi. Jami'an da ke zagayen duba makarantu masu zaman kansu kafin sabunta rajista, waɗanda ke ƙirga kujeru da duba takardun malamai, su ƙara tambaya biyu a fom ɗinsu: ina wurin da ake canza wa yaro kaya cikin sutura, kuma yara nawa kuka mayar a wannan zangon, a kan wane dalili?